Ranar da Na Yi wa Ƙarfen Baba Wanka

Bari in faɗa tun daga farko don kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na daɗe ina ba da shi da sunan "wani yaro a unguwarmu", to amma yanzu gemu ya yi fari, masu yi mini dariya ma sun ragu, sai na ga gara in karɓi kayana. Abin da ya tono mini shi kuwa, shekaranjiya na bi ta bayan kasuwar Sabon Gari, hancina ya ɗebo warin nan na rumfar masu walda, mai kama da tafarnuwa da ta kwana a ruwa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai a-daidaita-sahu ya tambaye ni ko gadon titin aka bar mini.

A Fagge aka haife ni, a gidan tela. Kakanninmu daga Borno suka zo tun kafin a haifi Baba, kuma abin da ya rage mana na can bai wuce turaren wutar Kaka ba, da Barbarcin da take jawowa idan Hausa ta kasa ɗaukar fushinta. Baba a zaure yake ɗinki, da keke baƙi irin na taka-da-ƙafa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Idan ka sunkuya ƙarƙashin teburinsa za ka ga mataki, da wani babban wili na ƙarfe da igiyar fata ta zagaye. Baba ya taka, wilin ya juya, igiya ta ja na sama, allura ta kama aiki. Da wannan ƙara muke tashi, da ita muke sanin Baba yana cikin walwala ko a'a.

Ka san abin da ake faɗa a kan teloli da alkawari, ba sai na maimaita ba, kada 'yan uwana su bi ni da almakashi. To Baba shi ne ya fita daban. Tun da ya kafa keke, ba a taɓa samun mutumin da ya kawo masa yadi ya kuma je idi da tsofaffin kaya ba. Ba shi da gida na biyu, ba shi da gona, wannan shaidar ita ce abin da ya tara. Idan ya ce maka Laraba, ka zo Laraba ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Shekarar da nake ba ka labari, azumi a tsakiyar damina ya faɗo. Lungunan Fagge duk caɓi, bango ya jiƙe yana warin ƙasa, da yamma ƙanshin gasasshiyar masara ya hana mai azumi sakat. Saura kwana shida Sallah, yaduka sun taru a zaure har sun kusa taɓa azara, sai aka goce da ruwa bayan azahar. Rufin zauren ya fara yoyo daidai kan keken. Baba da wani maƙwabci suka ciccibe shi za su shigar cikin gida, ƙafar maƙwabcin ta zame a dokin ƙofa, keken ya tafi da gefe. Da aka tashe shi, sai ga babban wilin ya dare, bakinsa ya rabu, ɗaya daga cikin hannuwan da ke haɗa shi da cibiya ya karye.

Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa jin zaurenmu shiru irin na ranar ba.

Za ka ce me ya hana a ari keken wani. Kai dai ba ka san Fagge a goman ƙarshe ba. Tela zai iya ara maka rigar jikinsa, amma keke, ko limami ka turo ba zai bayar ba. An duba kantuna, ba irin wilin, keken ya tsufa da yawa. Aka kai wa maƙerin unguwa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya girgiza kai. Ya ce wannan ƙarfen zubi ne, narka shi aka yi aka zuba, idan ya ɗora masa guduma zai tarwatse kamar kasko. Ya ce akwai wani Inyamuri mai walda a Sabon Gari da ya koyi aiki a reluwe, in shi bai gyara ba, to a haƙura.

A nan na shigo labari. Ina da shekara goma sha uku, kuma ni ne ɗan bokon gidan. Na yi aji huɗu sau biyu, wanda a lissafina ya kama aji takwas ke nan. Na ce wa Baba ya zauna ya ci gaba da yanka da aikin hannu, ni zan je, domin mutanen Sabon Gari sai da Turanci, kuma Allah ya hore mini. Da safe na naɗe wilin a buhu na saɓa a kafaɗa. A tsakar gida na tsaya na yi shela cewa kafin la'asar za a ji ƙarar keke a gidan nan. Kaka tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya sa bakinka ya jira ƙafarka."

Rumfar mai waldar a wani layi take bayan kasuwa, rufin kwano, ƙasa baƙa ƙirin da mai. Ga guntayen ƙarafa tuli, ga wata tukunya da yake zuba wa wani farin dutse da ruwa ta ba da iskar wuta, ita ce mai warin tafarnuwar. Shi kuwa dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, da baƙin tabarau a goshi, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Na gyara tsayuwa, na tattaro Turancina kaf na zuba masa. Ya saurare ni har na ƙare. Sannan ya ce, da Hausar da ta fi tawa tsabta, "Sannu da ƙoƙari, ɗan samari. Yanzu faɗa mini da Hausa, me ya karye?"

Ashe a Kano aka haife shi. Na kwance buhu ba tare da na ƙara ko "yes" ba.

Na ga aiki a ranar, kuma har gobe ina iya zana maka shi. Bai ɗauki wuta da farko ba. Ya wanke wilin da kananzir, ya goge tas. Ya ɗauki magagari ya dinga cin bakin karayar ta kowane gefe har ya yi mata kwari kamar hanyar ruwa. Ya ɗaure gutsattsarin a kan wani faifan ƙarfe, ya auna, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Sannan ya hura gawayi ya ɗora wilin gaba ɗaya a kai, ba wurin karayar kaɗai ba, yana juya shi a hankali kamar mai gashin kaza. Ni ina gefe ina kallon rana tana tafiya. Sai da ƙarfen ya ɗauki zafi ko'ina ya sauke tabarau, ya kunna bakin wutarsa, shuɗiya siririya mai huci. Ya kawo sandar tagulla, ya tsoma ta a wani farin gari, ya dinga narka ta tana bin kwarin nan tana cika shi. Da ya ɗaga hannu sai ga ɗinki mai ruwan zinariya, sumul, ko Baba albarka.

Na miƙe na buɗe buhu. Shi kuwa sai ya kama wilin da awartaki, ya nufi wani rabin duro cike da toka da busasshen yashi, ya tona, ya binne shi, ya mayar da murfi.

Ya ce, "Gobe da safe."

Na ce ai an gama. Ya ce, "An gama ɗinki, saura barci. Wannan ƙarfen ba ya son a firgita shi. A hankali ya yi zafi, a hankali zai huce. Ka je ka gaya wa Malam haka, zai gane."

Ban tafi ba. Na zauna a benci ina tunanin fuskar Kaka idan na shiga hannu rabbana. Ana cikin haka matarsa ta aiko cewa abinci ya sauka. Mutumin nan, saboda kara, ba ya cin abinci a gaban mai azumi, ko da mai azumin irina ne da ke kai shi azahar ya ɗan huta. Ya wanke hannu ya ce in duba masa rumfa, ya tsallaka gida.

To a nan ilimi ya motsa. Na ce wa kaina, malaminmu ya koya mana ruwa yana kashe zafi, wannan kimiyya ce, ba gardama. Kuma tun ina rarrafe nake ganin maƙerin unguwarmu yana ciro fartanya jajir daga wuta ya tsoma a ruwa, ta yi cuu, ta fito da ƙarfinta. Ƙarfe dai ƙarfe ne. Na yanke hukunci cewa dattijon nan ya iya aiki amma bai yi aji huɗu ba, balle sau biyu. Zan taimake shi.

Na ɗaga murfi, na tona, na jawo wilin da awartaki na ajiye a ƙasa. Na ɗebo ruwa a gwangwani daga kwatarniyarsa na sheƙa. Tururi ya tashi ya rufe ni, na ji daɗi ƙwarai, na ƙara gwangwani na biyu. A cikin hucin nan ne na ji wata 'yar ƙara, ƙaramar gaske, kamar an fasa gyaɗa a ɗaki na kusa. Da tururin ya washe na duba. Ɗinkin tagulla yana nan lafiya lau. Amma a ɗaya gefen, inda da babu komai, ga tsaga siririya ta taso daga cibiyar wilin har bakinsa.

Na goga ta da yatsa ko zane ne, na ƙone. Na tofa mata yawu. Na karanta duk abin da na haddace. Tana nan. Sai na yi abin da manyan masana irina suke yi: na mayar da shi cikin toka da ruwansa da komai, na shafe saman da guntun katako, na rufe, na koma benci na naɗe hannu. Mai walda ya dawo ya tarar da ni kamar wanda aka aiko daga masallaci. Har ya yaba mini da haƙuri.

A gida na ce wa Baba sai gobe da safe. Ya gyaɗa kai ya ce lallai mutumin ya san aikinsa. Kaka ta dubi gaban jamfata da toka ta ɓata, ta dubi yatsan da nake ɓoyewa.

Washegari Baba ya ce da shi za a je, yana so ya yi wa mutumin godiya da bakinsa. Saura kwana huɗu. Tafiyar Fagge zuwa Sabon Gari ba ta da nisa, amma ranar na so a ce Borno za mu je a ƙasa. Suka gaisa, mai walda ya ɗaga murfi da fara'arsa, ya jawo wilin ya kaɗe shi. Fara'ar ta ɗauke.

Baba ya karɓa ya juya shi. Muryarsa ba ta tashi ba, amma na san ta. Ya ce, "Oga, karaya ɗaya na aiko maka, ka mayar mini biyu. Kayan mutane na jibge a zaure. Da ka san ba za ka iya ba, ai sai ka faɗa tun jiya."

Dattijon bai kare kansa ba. Ya tura hannu cikin duron ya lalubo, ya fito da wani curin toka da ya dunƙule kamar dawo. Ya murƙushe shi a tafin hannu, cikinsa danye. Ya ce, "Malam, tokar nan ta fi yaron nan shekaru, ban taɓa ganin ta yi gumi ba."

Da na yi shiru da wataƙila an daɗe ana nema. Amma ɗan boko ba ya ganin tambaya ya ƙyale. Na ce, "Ƙila ruwan sama ne."

Mai walda ya juyo ya dube ni da kyau. Ya ce, "An yi ruwa a Fagge jiya? Mu dai nan ko ɗigo. In ma an yi, ruwan kirki ne ƙwarai. Ya ratsa kwano, ya ɗaga murfi, ya shiga, ya fito, ya mayar da murfin, har ya share mini saman toka da katako."

Baba ya juyo. Ba sai na gaya maka sauran ba, bakina da ya saba gudu shi ya zazzage komai, har da batun malaminmu da fartanya. Na jira mari. Bai zo ba. Baba ya juya wajen mai waldar ya ɗan rusuna, shi da ko gaban masu unguwa ba ya rawar jiki, ya ce, "Na yi maka mummunan zato a kan aikinka. Ka yafe mini." Wallahi da ya kwaɗa mini wilin a ka da ya fi mini sauƙi.

Mutumin ya ce ba komai, yaro ne, kuma shi ma da laifinsa da ya bar duro da masani. Ya ce zai sake, amma ƙarfen da ya sha wuta sau biyu sai ya kwana ya yini a toka, ba mai taɓa shi sai gobe da yamma. Baba ya yi lissafin kwanaki a fuskarsa, na ga lissafin bai fita ba. Mai walda ma ya gani. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya lanƙwasa, ya yi masa mariƙi da maɗauri, ya miƙa wa Baba. Ya ce a ɗaura wannan a ƙaramin wilin sama, keke zai yi ɗinki ba mataki, in dai akwai mai juyawa da hannu. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ga shi kuwa Allah ya ba ka inji."

Haka na yini biyu a tsaye a gefen Baba ina juya keke. Ba ya ce mini komai sai "juya", sai "tsaya". In na yi sauri ɗinki ya karkace, in na yi sanyi zare ya cukurkuɗe. Hannun dama ya mutu na koma hagu, hagu ya mutu na haɗa biyu. Azumin da nake kaiwa azahar, a kwanakin nan har magariba na kai shi, don ba fuskar da zan nemi hutu. Abokaina suna leƙowa ta ƙofar zaure suna dariya. Kaka kuwa duk wanda ya shigo sai ta ce ya je ya ga sabon injin da aka kawo daga Sabon Gari, mai jin Turanci, ba ya shan mai sai kunu.

Da yammar rana ta biyu Baba ya je da kansa ya karɓo wilin, bai gayyace ni ba. Ya dawo da shi da tabon tagulla biyu, ya ɗaura, ya ja igiya, ya yi bisimilla ya taka. Ƙarar ta dawo gidan. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya tana ji. Daga nan Baba bai ƙara ɗaga kai ba sai don salla. Ranar jajibere, kafin magariba, mutum na ƙarshe ya zo ya karɓi kaftaninsa a goge a ninke. Ba wanda ya san abin da ya faru, ba wanda aka ce wa ya dawo anjima.

Yadina ni kuwa yana kan tabarma, an yanka ba a haɗa ba. Na je idi da wandon bara, wanda ya tsaya mini a ƙwauri kamar mai shirin tsallaka kwata. Baba bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Ni kuma na ɗauka cewa da wandon nan na wanke laifina tas.

Yanzu zamani ya juya. Kekunan Fagge na lantarki ne, suna gudu kamar ana bin su, in abu ya karye a ciki roba ce, a jefar a sa wata. Masu walda sun cika ko'ina da janareto, kana tsaye za a ɗana maka a miƙo maka da zafinsa, kuma ban raina su ba, akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai na leƙa rumfuna da yawa ban ga duron toka ba, ban kuma ji wanda ya ce wa mai kaya "gobe da safe" don amfanin kayan ba. Inda rumfar dattijon take, yanzu shagon sayar da waya ne. An ce ya tsufa ya koma garinsu wajen 'ya'yansa, ban samu na yi masa sallama ba.

Keken yana nan a Rijiyar Lemo, gidan Yayata, wadda nake bi, ita ta gaje shi. Jikarta ce ke koyon ɗinki a kai, kuma wilin bai sake ko tari ba. Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, na tarar yara sun cika tsakar gida, sai na ga dama ta samu. Na sa aka juyo keken, na nuna musu tabon biyu, na yi musu bayanin ƙarfen zubi dalla-dalla kamar ni na ƙirƙiro shi. Na ce su dubi Baba, kakan iyayensu, tela guda a Fagge da bai taɓa saɓa alkawari ba, kuma a shekarar da abin ya so ya kuɓuce, wannan hannun nawa ne ya juya keke yini biyu. Na ce ni kaɗai na ɗauki asarar, na je idi da ɗangalallen wando, ban yi ƙorafi ba.

Yaya tana kan darduma tana jan carbi. Ta tsayar da shi.

Ta ce, "Kai kaɗai? Leshin da Baba ya yi mini alkawari tun Sallar bara, na farko a rayuwata, wa ya ɗinka shi? Da zanin Inna na yi yawon Sallah, an naɗe shi sau biyu, ƙawayena suna tambayata ko takaba nake. Baba ya saɓa alkawari sau ɗaya, kuma a kaina ya saɓa, kai kana can kana kallon ƙwaurinka ba ka ma lura ba. Shekara arba'in da ɗoriya kana koya wa mutane walda, alhali abu ɗaya ka taɓa yi wa ƙarfe a duniya, shi ne ka fasa shi. Rufe wa yara keke, ka zo ka ci tuwo."